Zoben tumbi da kwanon tuwo: Me ke biyo bayan tiyatar rage ƙiba?

Wani bincike da aka gudanar a asibitoci 12 na ƙasar Birtaniya, wanda aka wallafa sakamakonsa a shekara ta 2025, ya sake tayar da muhawara a kan tiyatar nan da ake ɗaura wa mutum zobe a tumbi domin ya rage ƙiba.

Masu binciken, a ƙarƙashin jagorancin jami'ar Bristol, sun bi diddigin mutane fiye da 1,300 da aka rarraba tsakanin nau'o'i uku na tiyatar rage ƙiba. Bayan shekaru 3, kashi 25 cikin ɗari kacal na rukunin masu zobe ne suka zubar da rabin nauyin da ya yi musu yawa. A rukunin waɗanda aka yanke wa wani sashe na tumbi adadin ya kai kashi 41, yayin da ya kai kashi 68 a rukunin waɗanda aka karkatar wa hanyar abinci.

Mutumin garin Furfuri da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu, ko kuma maƙwabcinsa na Gusau da Tsafe, na iya ɗaukar wannan a matsayin maganar masu ƙoshi wadda ba ta shafe shi ba. Yana kuwa da hujja, domin abin da aka fi ji daga jihar Zamfara shi ne labarin yunwa. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta auna yara kusan dubu 97 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, ta kuma tarar ɗaya daga cikin kowane huɗu na fama da tamowa.

To sai dai kuma ƙiba ta riga ta shigo yankin, kuma daga cikin masu hali akwai waɗanda kan fita waje neman mafita. Abin da ke jiran irin waɗannan mutane bayan sun dawo gida, lokacin da aka ajiye musu kwanon tuwo, shi ne abin da masu tallan tiyatar ba su cika yin bayani a kai ba.

Yunwa da teɓa a ƙasa guda

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekara ta 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da ƙibar da ta wuce kima, wato mutane fiye da biliyan ɗaya ke nan. A Najeriya kuwa, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekara ta 2018 ya gano cewa kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekaru 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce yadda ya kamata, a daidai lokacin da kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekaru 5 suka tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. A shiyyar arewa maso yamma adadin yaran da suka tsumbure ya kai kashi 57.

Ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwar da mahaifinsa ya rayu yana noman dawa da gero da auduga, ya gaji girman malmalar tuwon mahaifin, amma bai gaji wunin da shi ke yi a gona da fartanya ba. Daga gida sai mota ko babur, daga nan sai kujerar ofis ko ta shago. An kuma ƙara masa da lemon kwalba da burodi da taliya da shayi mai kauri.

Daɗin daɗawa, al'ada ba ta ɗauki ƙiba a matsayin cuta ba. Wanda ya aje tumbi akan ce masa hutu ya zauna, amaryar da ta yi ɓul-ɓul akan yaba wa mijinta da iya kiwo. Har yau akwai mata da ke shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe domin su ƙara jiki, duk da gargaɗin da likitoci ke yi game da illarsu. Sai hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa sun bayyana ne hankali ke tashi. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2021 manya miliyan 3 da dubu 600 ne ke da ciwon a Najeriya.

A wannan mataki ne wasu kan fara jin labarin tiyata. Wasu asibitoci masu zaman kansu a Legas da Abuja na yin ayyukan rage ƙiba, kazalika ƙasashen da 'yan arewa suka saba zuwa jinya, irin su Masar da Indiya da Turkiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Yadda zoben ke aiki

Zoben wata ɗamara ce ta roba mai laushi da ake zagaye saman tumbi da ita, kusa da inda bututun abinci ya haɗu da shi. Ba a tsaga ciki, ana huda shi ne a wurare kaɗan a zura kayan aiki tare da na'urar hangen ciki. Ɗaya daga cikin likitocin da suka fara saka irin wannan zobe ta wannan hanya ɗan Afirka ne, wato Dokta Mitiku Belachew, haifaffen Habasha, wanda ya yi aikin a garin Huy na ƙasar Beljiyam a watan Satumban 1993. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a shekara ta 2001.

A cikin zoben akwai wata 'yar jaka da ake hurawa da ruwan gishiri. Wani siririn bututu ne ya haɗa ta da wata 'yar mahaɗa da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ciki. Idan likita na son ya ƙara matse zoben, sai ya soka allura ta musamman a mahaɗar ya ƙara ruwa. Idan kuma yana son ya sassauta, sai ya zuƙe.

Tumbin babban mutum kan ɗauki abinci lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba tare da wata wahala ba. Wurin da ya rage a saman zobe kuwa bai wuce cin cokali ɗaya zuwa biyu ba. Da farko an ɗauka abincin kan taru ne a wannan ɗan wuri har mutum ya ji ya cika. Amma binciken da aka yi a jami'ar Monash da ke Ostireliya, inda Farfesa Paul O'Brien ya daɗe yana wannan aiki, ya nuna cewa bututun abinci ne ke matsa kowace loma har ta ratsa zoben, kuma wannan matsawar ce ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Ke nan dole kowace loma ta kasance ƙarama, a tauna ta sosai, a kuma ba ta lokaci ta wuce kafin a bi ta da wata.

Abincin da bai cika gwangwanin madara ba

Bayan tiyata ba a komawa ga abinci kai tsaye. A mako ɗaya ko biyu na farko abu mai ruwa-ruwa kawai ake sha, kamar romo da madara marar maiƙo. Daga nan sai abincin da aka markaɗa, sannan mai laushi, kafin a kai ga abinci sosai bayan kimanin makonni 6. A daidai wannan lokaci ne kuma akan yi wa zoben ƙarin ruwa na farko.

Ma'aunin da asibitoci da dama ke bayarwa shi ne rabin kofi a kowane zama, wato kimanin mililita 125, ko kuma cokalin cin abinci 8. A ma'aunin kasuwar Gusau, abin bai cika gwangwanin madara ba. Sau uku a rana ake ci, ko ma ƙasa da haka, ba kuma a ciye-ciye a tsakani. Shawarar da Farfesa O'Brien ya yi suna da ita ita ce mutum ya jira kamar minti ɗaya tsakanin loma da loma, ya kuma tsame hannunsa bayan minti 20 ko da abincin bai ƙare ba.

Tun da wurin kaɗan ne, sai an zaɓi abin da za a sa a ciki. Masana abinci kan ce a fara da mai gina jiki, kamar kifi da ƙwai da wake da nama mai laushi, a bi da ganye, sannan hatsi ya zo a ƙarshe idan da sauran wuri. Wannan ya saɓa da tsarin da aka sani a ƙasar Hausa, inda tuwo ne ke cika kwano, miya ta raka shi, nama kuma yanka ɗaya ko biyu ne da ake ajiyewa sai an gama.

Akasarin asibitoci kan kuma hana haɗa ci da sha. Mutum zai dakata da shan ruwa gabanin cin abinci, ba kuma zai sha ba sai an ɗauki kamar rabin sa'a da gamawa. Ruwan ma kurɓa ake yi a hankali har a haɗa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, ba a kafa kai a moɗa.

Tuwo, tsire da fura

Babbar matsalar da mai zobe zai fuskanta a Zamfara ita ce yadda ake cin tuwo. Bahaushe ba ya tauna tuwo. Yakan gutsuro loma, ya mulmula ta, ya dangwala a miyar kuka ko ta kuɓewa, yauƙin miyar ya wuce da ita. Ga wanda mashigar tumbinsa ta koma 'yar ƙarama, wannan loma na iya tsayawa a hanya, ta jawo zafin ƙirji da tsinkewar yawu, daga bisani ta dawo.

Abincin da masu zobe suka fi kuka da shi a ko'ina cikin duniya ya haɗa da burodi mai laushi, da shinkafa mai danƙo, da taliya, da busasshen nama ko mai tauri, da kuma kayan marmari masu zare ko ɓawo. Idan aka mayar da wannan jeri zuwa kasuwar Tsafe ko ta Bunguɗu, za a ga ya taɓa tuwon shinkafa da waina da hoce, ya taɓa tsire da balangu da kilishi, ya taɓa mangwaro mai zare da totuwar lemo. Ganyen zogale da rama ma sai sun dahu sosai an kuma tauna su da kyau.

A hannu guda kuma, akwai abin da zoben ba ya iya tarewa ko kaɗan, wato duk wani abu mai ruwa. Fura da nono, da kunun gyaɗa, da kunun zaƙi, da koko mai sukari, da zoɓo, da shayi mai madara, duk wucewa suke yi ba tare da sun tsaya ba. Kwalbar lemo mai cin santilita 35 na ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun shekara ta 2015 cewa kada abin da babban mutum ke sha a rana ya wuce kimanin cokali 12, in ma da hali a tsaya a rabin haka.

A nan ne mutane da dama ke faɗawa tarko. Idan aka matse zobe fiye da kima, cin abinci mai tauri kan zama azaba, sai mutum ya koma ga abin da ke wucewa salin-alin. Wanda ya gudu daga tuwo ya koma ga ƙwaryar fura mai sukari sau uku a rana, zai iya shan wahalar zobe ba tare da nauyinsa ya ragu ba. Likitoci sun daɗe da sanin wannan hali, kuma yana daga cikin manyan dalilan da ke sa aikin ya ƙi yin tasiri.

Wannan ba ya nufin babu abincin gida da ya dace. Alale da dafaffen wake da faten wake, da kifi, da ƙwai, da farfesun kaza da ya dahu luguf, da kindirmo ba tare da sukari ba, da miyar taushe marar yawan mai, duk abubuwa ne da ake samu a kasuwannin yankin. Man girki ne ke buƙatar lura, domin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja na ɗauke da kalori kusan 120.

Kwano ɗaya, hannu da yawa

Ƙa'idojin da ake bai wa masu zobe an tsara su ne a ƙasashen da kowa ke cin abinci a farantinsa. A Furfuri da sauran garuruwan ƙasar Hausa kuwa, magidanta kan fito da kwanukansu ƙofar gida bayan magariba a haɗu a ci tare, mata da yara su ma su zagaye nasu a cikin gida. Ci tare alama ce ta zumunci, ware kwano kuma akan fassara shi da girman kai ko rowa.

Mutumin da zai jira minti ɗaya tsakanin loma da loma ba zai iya tafiya kafaɗa da kafaɗa da abokan cinsa ba. Ko dai ya yi sauri abincin ya tsaya masa, ko kuma ya bi a hankali a cinye a bar shi. Haka nan ba zai san adadin abin da ya ci ba, ko da yake masu iya magana na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Akwai kuma batun baƙunta. Mai gida kan matsa wa baƙonsa da ya ƙara, uwargida kuma na auna daɗin girkinta ne da yadda kwano ya dawo. A gidan da ake da mata fiye da ɗaya, mai gidan da ya taɓa loma takwas ya ture abincin mai girki na iya tayar da fitinar da ba ta da alaƙa da tumbinsa. Ga walimar aure da ta suna, ga naman layya da ake shafe kwanaki ana ci soyayye.

Mutane da yawa a ƙasashe daban-daban kan ɓoye cewa an yi musu aikin. Gwamnan jihar New Jersey ta Amurka na lokacin, Chris Christie, an saka masa zobe a watan Fabrairun 2013, bai kuma bayyana ba sai bayan watanni uku. A wurin da ake ci a kwano ɗaya irin wannan sirri ba ya ɓoyuwa, kuma masana na ganin wanda iyalinsa suka san halin da yake ciki suka tallafa masa ya fi samun nasara.

Batun azumi

Ga Musulmi akwai tambayoyi biyu, wato halaccin aikin da kuma yadda za a yi da azumi. A zamanta na 18 da ta yi a birnin Putrajaya na Malesiya a shekara ta 2007, majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince da rage nauyi ta hanyoyin da kimiyya ta tabbatar, har da tiyata, matuƙar ƙibar ta zama cuta, babu wata hanyar, kuma an amince ba za a cutu ba.

Dangane da azumi kuwa, ƙwararrun wannan fanni na ba da shawarar a jinkirta shi na tsawon watanni 6 zuwa 12 bayan tiyata, lamarin da ya dace da rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya. Ko bayan wannan lokaci sai an yi hattara. A shekarun 2024 da 2025 watan Ramadan ya faɗo ne a bazara, lokacin da zafi a Zamfara kan haura digiri 40. Mai zobe ba zai iya kwankwaɗar ruwa lokacin buɗa baki ba, ba kuma zai iya haɗa dabino da kunu da ƙosai da tuwo a zama ɗaya ba. Tilas ya rarraba ɗan abin da zai ci da wanda zai sha tsakanin magariba da asuba. Masu zobe da dama kan kuma ce ya fi matse su da sassafe, wato daidai lokacin sahur.

Wa zai kula da zoben?

Abin da ya bambanta zobe da sauran nau'o'in tiyata shi ne aikinsa ba ya ƙarewa a ɗakin tiyata. A shekarar farko ana buƙatar ganin likita kusan kowane wata ɗaya ko wata ɗaya da rabi domin a daidaita ruwan da ke ciki, daga nan kuma a ci gaba da zuwa lokaci-lokaci har iya rayuwa.

Sakamakon bincike biyu ya nuna muhimmancin wannan. A Ostireliya, inda ake bin marasa lafiya sau da ƙafa, Farfesa O'Brien da abokan aikinsa sun ba da rahoto a shekara ta 2013 a kan mutane fiye da dubu 3, inda waɗanda suka kai shekaru 15 da aikin suka ci gaba da riƙe ragin kashi 47 cikin ɗari na nauyin da ya yi musu yawa. A Beljiyam kuwa, binciken Dokta Jacques Himpens na shekara ta 2011 ya gano cewa bayan shekaru 12 kusan rabin waɗanda aka bi diddiginsu an cire musu zoben.

Zobe na iya zamewa daga inda aka ɗaura shi, yana iya cin bangon tumbi ya shige ciki, mahaɗar na iya juyewa ko ta kamu da ƙwayoyin cuta, bututun abinci kuma na iya buɗewa saboda yawan matsi. Yawan amai na daga cikin abubuwan da ke jawo zamewar. Wanda ya wayi gari ko ruwa ba ya wuce masa, ko yake amai ba ƙaƙƙautawa, ko ƙwarnafi ke tashinsa cikin dare da tari, yana buƙatar a zuƙe ruwan zoben cikin gaggawa.

A Gusau akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da kuma asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, waɗanda ke ɗauke da nauyin jama'ar jihar baki ɗaya. Amma likitan da ya saka zoben yana Alƙahira ko Delhi ko Legas. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa wadda ta ratsa Tsafe ta yi ƙaurin suna a shekarun baya-bayan nan da hare-haren 'yan bindiga, ba kuma hanya ce da ake so a bi da marar lafiya cikin dare ba. Bugu da ƙari, ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana a shekara ta 2024 cewa likitoci kusan dubu 16 ne suka bar Najeriya cikin shekaru 5. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya a ƙasar kuma daga aljihun jama'a yake fita.

'Yan Najeriya ba su manta da rasuwar Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, a ƙasar Sifen a watan Oktoban 2005 ba, bayan wani aikin zuƙe kitse. Aikin nata ba na zobe ba ne, amma ya nuna cewa zuwa waje da kashe maƙudan kuɗi ba su ne tabbacin tsira ba.

Likitoci sun juya wa zoben baya

A shekara ta 2008 zobe ne ya kai kimanin kashi 42 cikin ɗari na dukkan ayyukan rage ƙiba da aka yi a duniya. A Amurka yana da kashi 35 a shekara ta 2011, amma ya zuwa 2019 ya faɗo zuwa kusan kashi ɗaya. Yanke tumbi ne ya maye gurbinsa, sai kuma karkatar da hanyar abinci. Su ma waɗannan suna da nasu sharuɗɗan. Tumbin da aka yanke ba ya dawowa, kuma mutum zai riƙa shan ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini tsawon rayuwarsa. Ɗan ƙaramin faranti da tauna a hankali na nan daram a kowane nau'i.

Tun daga shekara ta 2021, lokacin da Amurka ta amince da allurar Wegovy, hankalin duniya ya karkata ga magungunan da ke rage sha'awar abinci. A gwajin da aka yi, masu amfani da allurar sun rage kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu cikin makonni 68, amma waɗanda suka daina sun mayar da kashi biyu bisa uku na abin da suka rage cikin shekara guda. Magungunan na da tsada, kuma a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi game da jabun samfurin Ozempic da aka gano a wasu ƙasashe.

Ina mafita?

Ga wanda ƙibarsa ta kai matakin barazana ga rayuwa, tiyata magani ce da kimiyya ta tabbatar da amfaninta, kuma babu abin kunya a cikinta. Sai dai masana na ganin akwai tambayoyin da ya kamata ya samu amsarsu tun kafin ya sayi tikitin jirgi. Wane nau'in aiki za a yi masa, kuma me ya sa? Wa zai duba shi idan ya dawo gida, kuma a ina? Nawa zai riƙa kashewa a shekara bayan aikin? Ya zauna da masanin abinci wanda ya san tuwo da fura? Iyalinsa sun amince su sauya yadda ake girki da yadda ake zubawa? Ga wanda riga an saka masa zobe, ya kamata ya riƙa yawo da takardar da ke bayyana samfurin da adadin ruwan da ke cikinsa.

Ga hukumomi kuwa, rigakafi ya fi araha. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da gwamnatin tarayya ta fara karɓa a shekara ta 2022, masu fafutukar kiwon lafiya sun ce ya yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da hauhawar farashi. Awon hawan jini da na sukari a ƙananan asibitocin karkara, da ɗaukar masana abinci aiki, abubuwa ne da ke buƙatar kuɗi a jihar da ke fama da ciyar da yara masu tamowa, amma kuɗin bai kama ƙafar abin da jinyar shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda ke ci ba.

Malamai da limamai ma na da rawar takawa. Aya ta 31 ta suratul A'araf ta yi hani da wuce gona da iri wajen ci da sha, kuma hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya koyar da a kasa ciki gida uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Ɗaliban islamiyya a Furfuri da Bunguɗu sun san wannan darasi tun suna yara. Abin da ya yi ƙaranci shi ne jin sa a huɗubar Juma'a tare da bayanin hawan jini da ciwon sukari, da kuma ganin tasirinsa a girman malmalar da ake zuba wa mai gidan da ya daina zuwa gona.